Wake Mai Toka

A gidanmu na Tudun Wada a ɗakin girki ake tatsuniya. Ɗaki ne na ƙasa, gajere, hayaƙin shekaru ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin, ƙofarsa kuma sai babba ya sunkuya yake shiga. Idan sanyi ya kama, da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanuka, kakarmu takan ja kujerarta ta tsugunno kusa da murhu, ta tura totuwar masara biyu ko uku cikin garwashin da ya rage. Totuwa ba ta ci da harshe sosai, ja take yi a hankali, don haka rabin fuskar tsohuwar kawai muke gani. Dada muke ce mata, don haka muka taso muka ji iyayenmu suna kiranta.

Jikokinta muna da yawa, amma biyu ne ba ma fashi, ni da Hamma Buba, ɗan wan mahaifina, wanda ya girme ni da shekara uku, shi ya sa nake ce masa Hamma, wato yaya. Shi take kira maigida, saboda yakan bi manya gona ya dawo mata da ɗanyar gyaɗa a aljihu. Ni kuwa, sunana Sale, amma mijin da ba ya cefane take ce mini. Idan na zauna kusa da ita sai ta ture ni da gwiwa, ta ce in matsa, wanda bai kawo ko gishiri ba ba zai sha ɗumin wutarta ba. In na yi fushi zan tashi kuma ta riƙe mini ƙafa.

A kusurwar ɗakin, bayan murhu, akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin wake ne a ciki. Waken ƙanana ne, farare, da ɗan baƙi a ido kamar an zizara musu kwalli, shi ya sa a gidanmu mai kwalli ake ce masa. Dada ta ce da shi ta zo daga gidan iyayenta. Yana da saurin nuna, yakan isa ci tun dawa ba ta fitar da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kowace kaka ita da kanta take zaɓar kwanson da ya fi cika, ta shanya, ta ɓare da hannu, ta tankaɗe tokar totuwa ta cakuɗa da waken har ya yi furfura, sannan ta zuba a tulu ta liƙe. Tokar ce ke hana ƙwari huda shi. Ba a buɗe tulun sai ruwan shuka ya sauka. Ko wasa muke, idan ƙafar wani ta kusanci kusurwar nan, muryarta takan canza.

Tana da tatsuniyoyi irin na kowa, na dabbobi da na ban dariya. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai bayan girbi, lokacin da maza ke dawowa daga kasuwar hatsi fuska a murtuke suna ƙorafin farashi. Takan fara da cewa, "Ku matso, baƙuwa ta iso da kaya a ka." Mu amsa, "Ta sauke mu gani." Idan muka ji ta ce wai a wani gari na manoma, sai in ƙara matsawa jikin Hamma Buba, don na san wadda ta zo.

Wai a wani gari na manoma, tun zamanin da kuɗi ɗiyan wuri ne, irin ƙananan kwanson nan na bakin teku, kuɗin garin iri biyu ne. Akwai fari sol, akwai mai ɗigo-ɗigo a baya, kuma duk ɗaya ake karɓarsu. Manomi ya kai dami kasuwa, ya biya harajin sarki, ya sayi gishiri da zane, ya koma gida da saura. Ana nan sai attajiran garin suka je fada suka ce kuɗi ya yi yawa, darajarsa ta zube, har yara na wasa da shi a ƙofar gida, gara a rage shi. Aka yi kwanaki ana gardama. Wasu suka ce idan kuɗi ya yi kaɗan zai yi nauyi, kowa ya girmama shi. Wani tsohon bafade ya tambaya, to wanda nasa ne za a rage fa, da me zai biya haraji? Aka bi ta kan maganarsa. Ranar kasuwa mai shela ya zaga gari, ya ce daga yau farin ne kaɗai kuɗi.

A nan Dada takan gyara wuta. Sannan ta ce, "An kwanta da dukiya a ƙwarya, an tashi da tsakuwa. Ba ɓarawo ya shiga ba, ba gobara aka yi ba."

Fararen kuwa tuni attajirai sun tsince su tun kafin shela. Haraji bai ragu ba. Abin da dami ɗaya ke biya a da, yanzu sai uku. A ranar ne wani mutum ya bayyana a gefen kasuwa, ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya ajiye mudu a gabansa, ya ɗora jakar fata cike da farin kuɗi a cinyarsa. Ba wanda ya san sunansa, sai ake ce masa Mai Jira. Ba ya kiran kowa, ba ya bin kowa gida, ba ya ɗaga murya. Wanda ya zo da hatsi ya auna, ya ba shi kaɗan. Wanda ya ce ya yi kaɗan ya ce masa Allah ya kawo kasuwa, ya ci gaba da zamansa.

Sai wani ɗan manoma mai daɗin murya ya hau kan suri a tsakiyar kasuwa. Ya ce wanda ya sunkuya ya noma shi ya kamata ya yanka farashi. Ya ce a dawo da mai ɗigo, kuɗi ya wadata kamar da. Ya yi magana har tsofaffi suka yi hawaye. Ya ce kada wanda ya sayar da ko mudu ɗaya, yunwa za ta kori baƙon nan da jakarsa. Manoma suka yi rantsuwa, suka liƙe rumbunansu. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, Mai Jira kullum da safe yana shimfiɗa buzunsa, da yamma ya naɗe. Rannan sarki ya aika a kira mai daɗin murya. Ya shiga fada da 'yar taguwa, ya fito da babbar riga. Da jama'a suka taru a gindin suri bai hau ba. Daga ƙasa ya ce musu ana duba maganar, a ƙara haƙuri.

Wanda ya fara karya rantsuwa wani ne da ɗansa ke kwance ba lafiya. Da tsakar rana ya je wurin Mai Jira, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, ya sayar da mudu biyu. Washegari wani ya je. Kafin bazara rumbuna sun zama wayam, haraji kuma bai gama biyuwa ba. Sai aka fara fasa tulunan iri. Dada ta ce idan aka kawo wa Mai Jira hatsi yakan tura hannu cikin buhu. In hannun ya fito da toka ya san iri ne, ya san babu wani abu a bayansa. Sai ya goge hannun a gaban rigarsa, ya tambayi lafiyar gida, ya auna.

A shekarar aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba. Gonaki a share, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, manoma suka tsaya a bakin kunya da hannu wofi suna kallonta. Shi kuwa Mai Jira ya naɗe buzunsa ya kama hanyar gari na gaba. Daga nan sai Dada ta ce baƙuwa ta ɗaure kayanta ta wuce, wanda ya bi ta shi ya jiyo.

Babu kura a tatsuniyar, babu dodo, amma ba wadda ta fi ta hana ni sakewa. Dodo idan ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka tsira. Mai Jira kuwa kai ne za ka buɗe ƙofar da hannunka ka je masa. Hamma Buba ya taɓa tambayarta wane gari ya nufa. Ta ce ba ta sani ba, a ƙasa yake tafiya, amma ba ya gajiya. Na tambaye ta kamanninsa, ko yana da ƙaho ko jan ido. Ta dube ni ta ce, "Ba shi da komai, mijina. Mutum ne mai gaisuwa." Na yi makonni idan aka aike ni na hango baƙo zaune a gindin itace da jaka, sai in canza hanya.

Sau ɗaya na fashe da kuka a ƙarshen labarin. Sai ta ja ni jikinta ta ce ai ta manta wani guntu. Wai bayan tafiyar Mai Jira wata tsohuwa ta share gindin tsamiyar, ta tsinci abin da ya zuba daga bakin mudu, ya kai tafin hannu ɗaya, da shi garin ya sake yin iri. Hamma Buba ya yi dariya, ya ce wannan yanzu ta ƙirƙiro shi saboda ragon mijinta. Ba ta musa ba, kuma ban sake jin ta faɗi guntun nan ba.

Sai da muka fara girma ta nuna mana inda labarin ya fito. Ta buɗe wani gwangwani da take ɓoyewa ƙarƙashin gado, ga takardun kuɗi a naɗe, masu launin da ba mu taɓa gani ba. Kuɗin audugar kakanmu ne na shekara guda. Yana ƙauye aka sauya kuɗi, labari bai kai musu da sauri ba, ko da ya iso Gombe wa'adi ya cika. Ta ce a shekarar sun sayar da komai har irin dawa, tulun wake ne kawai ta ɗauke ta kai gidan 'yar uwarta, ta ce wa kakanmu ya fashe. Kakanmu bai sake shuka auduga ba har ya rasu.

Da Allah ya yi wa Dada rasuwa, tulun hannun Hamma Buba ya koma, don shi ya riƙi noma. Gonar gidanmu da ke bayan unguwar Malam Inna aka yanka ta fuloti, yanzu duk gidaje ne a wajen. Shi sai ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauyen kakanninmu a kan hanyar Dukku. Ni karatuna bai yi nisa ba, na shiga kasuwar hatsi ina awo. A hankali wani Alhaji mai kai wake kudu ya yarda da ni, na zama ni nake saye masa. Na yi aure, na kama haya a unguwar Manawashi, Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu. Tatsuniyar Dada ta kwanta can ƙasan zuciyata, ban cika tunawa da ita ba.

Sai shekarar da aka sauya takardun kuɗi ta zo, aka ce a mayar da tsofaffi banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Wanda ya ga lokacin ba sai an ba shi labari ba. Mutum da kuɗinsa a ajiye, amma ya rasa na shiga mota. A teburin mai shayi kullum gardama ake. Wasu su ce gyara ne, idan kuɗi ya ragu a hannun jama'a kaya za su sauko. Wasu su ce talaka aka shaƙe. Lokacin kuma na neman ƙuri'a ne, motoci masu lasifika suna ta zagaya kasuwa, kowanne na cewa shi ɗan manomi ne, zai kawo taki, zai sa amfanin gona ya yi daraja. Manoman da suka zo daga ƙauye sukan ɗaga kai su saurara, motar ta wuce, su koma kallon buhunansu. Yawancinsu ba su da asusu a banki. Ko an ce an tura musu ta waya, a ƙauyensu ba mai karɓar wannan. Takarda suke so a hannu.

Alhaji ya samo tsabar kuɗi, ban tambaye shi ta yaya ba. Kullum da safe sai ya ba ni jaka, ya faɗa mini farashi biyu. Wanda zai karɓa ta waya a ba shi farashin kasuwa. Wanda ke son tsaba kuwa a ba shi abin da bai kai ko kusa ba. Ina zama a kan benci a ƙarƙashin rumfa, mudu a gabana, jaka a cinyata. Ban taɓa kiran kowa ba, layi da kansa yake haɗuwa. Gaskiya zan faɗa, a kwanakin nan gani nake Allah ya rufa mini asiri, ina da aiki lokacin da wasu suka rasa na cefane.

Wata Talata bayan azahar na ɗaga kai don in karɓi buhun mai bi a layi, sai na ga Hamma Buba. Layi ya bi kamar kowa, bai aiko a gaya mini ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga rabin buhu ya sauke a gabansa yana haki. Na miƙe na gaishe shi, na tambayi Adda Hauwa matarsa, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk lafiya. Na ce ya zauna a benci, ya ce mutane na jira a bayansa. Na kwance bakin buhun na tura hannu kamar yadda nake yi wa kowa. Hannuna ya fito fari da toka. A tafina ga wake ƙanana masu kwalli a ido.

Na ce, "Hamma, ai wannan na tulu ne."

Ya ce, "Na sani. Ni na fasa shi. Auna."

Na rage murya na ce ya bari in tura masa kuɗi daga nawa. Ya ce in tura ina, shi da ba shi da asusu. Ya ce jiya ya wuni a kantin magani, wani ya yi ƙoƙarin biya masa ta waya abin ya ƙi tafiya, mai kantin kuma ya ce sai tsaba. Na tambaye shi wa ke ciwo. Ya ce jiki ne ya ɗan motsa, ba wani abu ba. Sauran hatsinsa ya riga ya sayar tun makonnin baya, wannan ne ya rage. Na laluba aljihuna, abin da ke ciki ko kuɗin motar komawarsa bai kai ba.

Jakar tana kan cinyata. Ina iya zaro abin da yake bukata in ba shi, in ce ya ɗauki wakensa ya koma, da yamma in tsaya gaban Alhaji in faɗi gaskiya. Wannan tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Sai wani dattijo da ke bayansa a layi ya ce, "Malam, in zumunci za a yi a yi da mu duka. Mu ma 'yan uwan wani ne." Aka yi dariya, amma idanun kowa na kan hannuna. Na tuna makon da ya wuce Alhaji ya karɓe jaka daga hannun wani abokin aikina saboda ya ƙara wa surukinsa farashi. Na tuna mai gidan haya, na tuna yarana. Na ce a raina bari in auna yanzu, in ware buhun gefe, anjima in roƙi Alhaji ya sayar mini da shi in mayar wa Hamma.

Na auna. Na ba shi kuɗin a kan farashin tsaba. Bai duba ba, ya cusa a aljihu. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Mijin da ba ya cefane, yau kai ke da jaka." Na yi ƙoƙarin yin dariya. Sai na ga ba fuskata yake kallo ba, gaban rigata yake kallo. Na sunkuya na duba. Ga shatin yatsuna biyar na toka, ban san lokacin da na goge hannun ba. Ko da na ɗago ya juya, yana ratsa mutane a hankali.

Na ja buhun gefe, na ce wa 'yan dako kada a taɓa shi. Da la'asar na rufe awo na tafi neman Alhaji, ban same shi a shago ba sai da na bi shi gida. Ya ce rabin buhu ba abin damuwa ba ne, in ɗauka a cire a haƙƙina. Na dawo da sauri. Rumfa wayam. Wasu 'yan dakon ne suka zo lodi, waɗanda na yi wa magana sun tafi cin abinci. An juye waken cikin sauran, an ɗinke, mota ta tashi. Da na fara faɗa, ɗayansu ya ce wake ai wake ne, in ɗebi wani a madadinsa.

A kasuwar hatsi abin da ya zuba ƙasa na masu shara ne, wasu tsofaffin mata da ke zuwa da tsintsiya da faifai idan an tashi. Ba mai hana su, ba mai karɓa daga hannunsu. Na sami wadda ta share rumfata ta riga ta sheƙe abin da ta tara. Na tsugunna gabanta na roƙe ta ta bar ni in duba. Ta ce ikon Allah, yau mai jaka ne ke tsintar ƙasa. Da na gaya mata abin da nake nema sai ta daina tsokana, ta baje faifan, muka dinga ware masu kwalli ɗaya ɗaya har aka kira magariba. Sun cika tafin hannu ɗaya da ɗan ɗori. Na ce zan kawo mata kuɗi gobe. Ta ce kuɗin naku ma yana ina, in tafi kawai. Ina ƙulle su a gefen hankici na tuna dariyar Hamma Buba, ranar da ya ce guntun nan don rago aka ƙirƙiro shi.

Kwana tara na yi ban je ƙauye ba. Nakan ce rashin kuɗin mota ne, amma kunya ce ta fi yawa. Ranar da na je na tarar da shi kwance a ɗaki, an jingina shi da filo. Adda Hauwa ta gaya mini a zaure cewa ciwon ya daɗe, shi ya hana a faɗa, kuɗin waken kuma maganin kwana kaɗan ya saya. Na zauna a bakin tabarma. Muka yi hirar zafi, muka yi hirar wani maƙwabcinmu na Tudun Wada da ya rasu. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na kwance hankicin na ajiye a kan bargonsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa yana juya su. Sannan ya ce, "Tokar ta kaɗe. Ka sa musu sabuwa. Ta totuwa, ba ta itace ba."

Na ce to. Ya tura mini hankicin, ya rufe ido. Ba mu yi maganar kasuwa ba, ban nemi gafararsa da baki ba, ina ganin akwai sauran lokaci. Allah ya karɓi abinsa saura kwanaki ruwan farko ya sauka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Dada.

A bayan gidan da nake haya akwai ɗan fili da ba a gina ba, nan na shuka su. Kullum kafin in tafi kasuwa sai na leƙa, ina tsoron akuya, ina tsoron yara, ina tsoron ruwa ya ɗauke. Shekarar farko na sami abin da ya kai mudu biyu. Na kai wa babban ɗan Hamma Buba ɗaya, na riƙe ɗaya. Matata da gas take girki, gidanmu babu murhu, don haka wajen wata mai gasa masara a bakin titi nake zuwa in roƙi totuwa in ƙona da kaina. Na sayi ɗan ƙaramin tulu, yana nan a kusurwar ɗakina, bakinsa a liƙe.

Ina yaro na ɗauka Mai Jira daga wani gari zai taho, shi ya sa nake duba hanya. Ban taɓa kawowa a raina cewa jakar miƙa wa mutum ake yi da safe ba, kuma wanda aka miƙa wa yana da haya da 'ya'ya, yana tsoron wanda ya ba shi. Dada ba ta taɓa ce mana mugu ne ba. Ta ce yana gaisuwa, ta ce ba ya gajiya. Yanzu na san dalilin da ya sa ba ya gajiya: idan wannan ya tashi daga kan buzun, wani ne zai zauna.

Har yau ina kan bencin nan, ba ni da wata sana'a. Kuɗi ya dawo hannun mutane, layi ya ragu, amma duk ranar da na ji ana gardamar kuɗi a rediyo sai gabana ya faɗi. Idan na tura hannu a buhu ya fito da toka, ba na aunawa. Nakan ce wa mai shi ya koma da abinsa gida. Wasu su yi mini godiya. Mafi yawa su dube ni kamar na zage su, su ɗauki buhun su matsa rumfa ta gaba, ina kallo a auna.

Kwanakin baya da sanyi ya kama, aka ɗauke wuta, ƙaramar 'yata ta ce in yi musu tatsuniya. Na so in yi ta dabbobi, amma bakina ya ce baƙuwa ta iso da kaya a ka. Na ba su ita tun daga shela har ruwan da ya sauka a kan gonaki wofi, na haɗa da guntun tsohuwa mai shara, ban jira wani ya yi kuka ba. Can yarinyar ta matso jikina ta ce, "Baba, yaya kamanninsa?"

Na ce mata mutum ne mai gaisuwa. Sai na lura hannuna yana kan gaban rigata, ina gogewa.